Ɗingishin Orville Tackett

A kamfaninmu na finafinan kaboyi, Orville Tackett ne ya fara ɗingishi a gaban kyamara, a shekarar 1934, kuma ni mai kula da dawaki ina wurin. Takalmin da aka ba shi ne ya matse shi. 'Yan kallo suka yi dariya, sai aka rubuta ɗingishin cikin kwangilarsa, ya zama gurgun da ke dafa wa jarumi wake. Aka hana shi tafiya daidai ko a titi, kada yara su gane.

Da auren 'yarsa Wilma ya zo, bayan shekara ashirin, ya roƙi Mista Brandt, mai kamfanin, izinin raka ta cikin coci da tafiyar mai lafiya.

"Orville, wa zai so ganinka kana tafiya kamar kowa?" in ji Brandt. "To, rana ɗaya. Ban da masu hoto."

A ranar, Wilma ta riƙe hannunsa, ya miƙe, ya ɗaga ƙafar hagu. Ƙafar ta ja ƙasa kamar kullum. Ya sake gwadawa, ƙugun ya ƙi.

"Baba, bar wasan nan mana," ta ce a hankali.

"Ni na bari, 'yata. Ƙafar ce ba ta bari ba."

Sana'ar ta ba shi gida a garin Lone Pine, da alfadari, da suna, wanda ke zuwa na huɗu a jerin 'yan wasan fim. Ya riƙe gidan da alfadarin har ya rasu. Sunan kuwa mallakar kamfani ne.