Zanen da Tururi Ya Goge

Aulis da Tauno tare suka shiga masana'antar takarda a garin Kotka, tare suka yi furfura. Ko da wani kamfani ya ɗauke Tauno, wankan sauna, wato wankan tururi a ɗaki mai zafi, na ranar Asabar a gidan Aulis bai yanke ba. Zumunci a ƙafa yake.

Shekara da shekaru iska tana maƙalewa cikin kunun itacen da ake yin takarda da shi, famfo ya yi ta gurnani ba ya ja. Wata Asabar suna zaune a sauna gumi na zuba, Tauno ya sa yatsa a gilashin taga mai raɓa, ya zana farfelar famfo.

"Duba nan, tsohon banza. A tsakiya iskar take taruwa."

"To huda mata ƙofa mana, sarkin surutu," in ji Aulis, ya ɗiɗɗiga ramuka a zanen.

Suka watsa ruwa a kan duwatsun murhu masu zafi, tururi ya tashi, zanen ya tsiyaye. Kowa ya koma wurin aikinsa ya ƙera famfo, kowane kamfani ya ce ƙirar tasa ce. Sai kotu.

Lauyan kamfanin su Aulis ya ja shi gefe. "Injiniya, ka ce kai kaɗai ka yi tunanin. In ka ambaci mutumin nan, mun faɗi."

"Rabin zanen nasa ne," in ji Aulis. "Shi ma haka zai faɗa. Na san shi."

A gaban alƙali ya faɗi komai, har da tagar. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ya haɗiye. Da aka kira Tauno, bai dubi inda Aulis yake ba.

"Ranka ya daɗe, kowa ya sani, ba a maganar aiki a sauna. Ni kaɗai na zana, a ofis."

Kamfanin su Tauno ya ci shari'a. Wannan bai dami Aulis ba.

Ranar Asabar ya faskara itace, ya hura wuta, ya jiƙa damin ganye biyu na bugun jiki a wanka kamar kullum. Matarsa Kaarina ta leƙo.

"Aulis, ba zai zo ba."

"Ya san ranar."

Ya zauna a bencin sama, ya bar wa Tauno gefen taga. Bai watsa ruwa ba, don ba a fara wanka kafin baƙo ya iso. Yana nan zaune har duwatsun suka huce.