Abin da Mashkura Take Gani

Malama Zakiyya ta daɗe tana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a Kiyawa, kuma a duk 'yan aji biyu babu wadda take ba ta tausayi kamar Mashkura Idirisu. Doguwa ce, shi ya sa kullum a bencin baya ake zaunar da ita. Ba ta surutu, ba ta fashi, amma in aka ce ta karanta abin da ke kan allo sai ta miƙe ta sunkuyar da kai, har a gaji a ce ta zauna. Malamai sun riga sun yanke cewa yarinyar ba ta da kai.

Da aka dawo hutun damina, sai aka kawo wa makarantar kwamfutocin hannu da sola na yi musu caji. Yara suka laƙaba musu suna faranti, saboda faɗinsu. Tun da ba su isa kowa ya samu nasa ba, Malama ta sa aka juya bencina suna fuskantar juna, ta raba ajin rukuni-rukuni. Sai ta tura tambaya cikin farantan, kowane rukuni ya yi ta gardama har ya tsayar da amsa. Ajin da a da ba a jin komai sai ƙarar alli ya koma kamar kasuwa, har shugaban makaranta yakan leƙo ya ga ko lafiya.

Ba a jima ba rukunin su Mashkura ya fara cinye kowa. Malama ta ɗauka Safiyatu ce ke yi musu, domin ita ce mai ƙoƙarin cikinsu. Rannan ta yaba mata, sai Safiyatu ta ce, "Wallahi Malama ba ni ba ce, Mashkura ce."

Aji ya fashe da dariya. Malama ta tsawatar, amma ita ma a ranta ba ta yarda ba. Ta tura sabuwar tambaya, ta zaga ta tsaya a bayan Mashkura. Sai ta ga yarinyar ta ɗora yatsu biyu a kan farantin ta buɗa su, lambobin suka yi manya-manya, ta kawo shi dab da hancinta. Kafin sauran su gama karantawa ta faɗi amsa, kuma daidai.

Da aka tashi tara, Malama ta tsayar da ita. Ta rubuta lambobi a allo, ta ce ta koma bencinta ta karanta.

"Malama, fari-fari kawai nake gani."

"Tun yaushe?"

Mashkura ta ce, "Na ɗauka duk wanda ke baya haka yake gani."

Da la'asar Malama ta hau acaɓa zuwa gidan su Mashkura, can gefen gari inda ake ɗaure shanu. Ta shiga ta gaisa da uwar, sannan ta fito wurin mahaifin yarinyar, Malam Idirisu, yana yanka wa awaki harawa a gindin darbejiya. Ya saurare ta har ta gama, sai ta ga hannunsa ya tsaya cak.

"Malama, haka Innata ta fara," in ji shi. "Tana cewa hazo take gani. Ba ta bar duniya ba sai da ana jan ta da sanda."

Ita Malama a zatonta albishir ta kawo, ashe abin na iya zama wani ciwo na gado. Malam Idirisu ya ce shi ya fi son a bar maganar, don ba zai iya zama a gaban likita ya ji an ce 'yarsa za ta makance ba. Ta yi ta lallashinsa, ta ce in ma ciwon ne gara a tare shi da wuri, kuma da ita za a je. Da ƙyar ya amsa.

Ranar da suka shiga adaidaita sahu zuwa asibitin Dutse, Malam Idirisu yana ta jan carbi, Malama kuwa tana tunanin abin da za ta ce wa uwar in suka dawo da mugun labari.

A sashen ido, wata likita ta haska idon Mashkura da 'yar fitila, ta auna nan, ta auna can. Sannan ta ɗora mata wani tabarau na ƙarfe mai nauyi, tana zura gilasai tana cirewa, ta nuna mata haruffa a bango. Mashkura ta fara da na sama, manya. Aka canza gilashi. Sai ga ta tana gangarowa layi bayan layi, har ta kai na ƙasa waɗanda ita kanta Malama sai ta ƙanƙance ido take ganinsu.

"Baba, ka kwantar da hankalinka," in ji likitar. "Idonta lafiya ƙalau, ba irin ciwon mahaifiyarka ba ne. Nesa ce kawai ba ta gani. Tabarau za ta sa, shi ke nan."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Malam Idirisu ya cire hula ya share fuska da ita, yana ta alhamdulillahi. Malama ta nemi kujera ta zauna. Sai a lokacin ta tuna ko karyawa ba ta yi ba.

Da suka koma karɓar tabarau, Mashkura ta saka shi tun a bakin ƙofar asibiti, ta tsaya ta ƙi tafiya. Ta ɗaga kai tana kallon duwatsun da suka kewaye gari.

"Baffa, ka ga akuya can a saman dutse! Har da ɗanta!"

"To ai kullum suna nan," in ji Malam Idirisu, yana dariya. Ya tsaya ya saya musu dabino, ya cika wa Malama leda, ta ce ya yi yawa, ya ce sam sai ta karɓa.

Ranar Litinin Malama ta rubuta tambaya a allo da gangan, ba ta tura cikin faranti ba. Hannun Mashkura ya tashi daga can baya. Ta fito ta karɓi alli ta fara bayani. A tsakiya ta yi kuskure, Safiyatu ta ce ba haka ba ne, Mashkura ta juyo ta ce haka ne, gardama ta kaure, rabin aji na bayan wannan, rabi na bayan waccan. Malama Zakiyya ta jingina da taga ta ƙyale su, sai da suka gano kuskuren da kansu.