Man Gemun Mai Kwaɓa Burodi

Shekara goma sha ɗaya mai kitso tana gyara kawunan matan unguwa, ba a taɓa jin wadda ta tashi daga kujerarta tana ƙorafi ba. Kawo mata gashin da ya kakkarye, ko wanda ya cukurkuɗe, ko wanda mai shi ta ƙona da man banza, kallo ɗaya za ta yi masa ta ce, "Zauna." Shi ya sa abin ya sosa mata rai ranar da wata matar direba, ana tsakiyar yi mata tsaga, ta ce, "Anti, ke da kike gyara kan duniya, ya aka yi gemun maigidanki ya koma kamar tsohuwar tsintsiya?" Matan da ke jiran layi suka kwashe da dariya. Ita ma ta taya su, amma fa ta ɗan ƙara jan gashin matar direba fiye da yadda aikin yake buƙata.

Kuma gaskiya matar ta faɗa. Maigidan mai kwaɓi ne a gidan burodin da ke bayan tashar mota. Ƙurar fulawa da zafin tanderu sun busar masa da gemu ƙayau, amosani ya kama fatar, kullum hannunsa na can yana susa. Sai ka ce to ya aske mana, a huta. Ai nan gizo ke saƙar. Tun yana koyon aiki wani tire mai zafi ya zame ya ƙone shi, ya bar masa tabo daga haɓa har gindin kunne. Ya sha tsokana, ya yi shekaru yana magana da mutane kansa a ƙasa. Sai da gemu ya fito ya rufe wurin sannan ya fara kallon mutane ido cikin ido. Ita kanta da gemun ta san shi, a wani tsohon hoto kawai ta taɓa ganin tabon gaba ɗaya.

Ranar wata Litinin ya dawo bai ko taɓa abinci ba. Da ta matsa masa ya ce sabon manaja ya gan shi ya sosa gemu ya mai da hannu cikin kwaɓi. An ba shi sati biyu. Ko gemun ya daina zuba da ƙaiƙayi, ko ya aske shi tas, ko kuma ya bar teburin kwaɓi ya koma lodin mota.

"Wannan ne ya hana ka cin abinci?" in ji ta. "Gashi ne fa. A gidan nan kake kwana, kuma gashi ya gagare ka?"

Washegari ta ɗauko masa man da take ɓoye wa manyan kwastomominta, mai kauri, mai ƙamshin fure, wanda in ta shafa wa mace sai an bi ta da kallo a titi. Ta ce ya lafta shi da kyau kafin ya fita. Bawan Allah bai yi musu ba. Ya lafta ranar Talata, ya lafta ranar Laraba. Ranar Alhamis ya shigo gida, ta dubi fuskarsa. Zafin tanderu ya narkar da man, fulawa ta bi ta manne, gemun ya dunƙule ya zama kwaɓi na biyu, ga ƙuraje jajaye sun feso a ƙarƙashi. Abin bai tsaya nan ba. Ashe a wurin aiki wani mai shayi ya dawo da burodi guda yana ƙamshin fure, ya ce shi burodi ya saya, ba shagon kitso ba, kuma a gaban kowa manaja ya shinshina shi.

Maigidan bai ɗaga murya ba, shi dama ba mai faɗa ba ne. Ya wuce banɗaki ya ajiye sabuwar reza kusa da buroshin haƙori, ya fito ya ce, "Ranar Lahadi ta sama zan aske, kafin Litinin ɗin. Ki daina wahalar da kanki." Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a sana'arta ba. Ba man ne ya fi damunta ba. Tana tsoron ranar da mutumin nan zai koma tafiya kansa a sunkuye, kuma da hannunta a ciki.

Tsallaken titi daga shagonta akwai wani tsoho mai aski. Shekara huɗu ba su gaisa ba, tun ranar da ta ce a bainar jama'a ita ginawa take yi, masu aski kuwa rushewa kawai suka iya, maganar ta kai kunnensa kafin la'asar. Ranar Juma'a da safe ta tsaya bakin titi, ta leƙa hagu ta leƙa dama kamar mai jiran mota, alhali babu motar da ke zuwa. Daga ƙarshe dai ta tsallaka.

"Baba, ina kwana."

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. "Lafiya lau. Rushewa kika zo a yi miki?"

Ta zauna a benci ta faɗa masa komai, har da burodin mai shayi. Ya yi dariya har da tari, ta bar shi ya gama, don ta san ta ci bashin dariyar nan tun tuni.

"'Yata, gashin kika shafa wa mai ko mutumin?"

"Gashin mana, Baba."

"To nan kika ɓata. Ƙarƙashin kitso ƙoƙon kai ne, yana jure komai. Ƙarƙashin gemu fuska ce. Za ki lafta wa kumatunki wannan man ki shiga gaban wuta?" Ta girgiza kai. Ya ce ta nemo mai marar nauyi wanda fata ke shanyewa, ɗigo uku kacal, a cusa shi da yatsu har ya taɓa fatar, bayan an wanke gemun da sabulu mai laushi, ba na wanka ba. A samu matajin katako mai faɗin haƙora. Shi ba ya sayar da komai, ta je babban kantin kayan shafa na cikin kasuwa.

Ta miƙe, sai idonta ya sauka a ƙasa, inda gashin gemun wani da aka rage wa ɗazu yake zube. Ta ce, "Baba, in ɗebi wannan?" Ya ce ta kwashe duka ma, ta rage masa shara.

Mai kantin kayan shafa mutum ne mai zaƙin baki. Yana jin ta ce kyauta ce ta maigida, ya sauko da wani akwati mai ƙyalli, kwalabe jere a ciki, ya ce wannan matan manya ke saya, in mijinta ya shafa tun daga bakin layi za ta san ya dawo.

"Abin da ba na so ke nan," in ji ta. "Kawo min kwalaben gwaji duka."

Ta buɗe jaka ta fara jera kaya a kan teburin kantin: gashin gemun nan da ta ɗaure da zare tuntu-tuntu, ƙullin fulawa a leda, da rabin burodi. Mai kanti ya saki baki. Ta ɗiga man farko a tuntu ɗaya, ta murza, ta jira kaɗan, ta tsoma shi a fulawa ta kaɗe. Fulawa ta maƙale. Ta ture kwalbar gefe. Na biyu bai riƙe fulawa ba, sai ta gutsuri tsakiyar burodin ta kanga a kusa da gashin, ta ƙirga ashirin, ta kai hanci. Burodi ya ɗauki ƙamshin lemo. Ta ture shi ma.

"Hajiya, wannan kanti ne fa, ba ɗakin girki ba," in ji mai kanti, yana share fulawa da gefen hannu.

"Mijina a cikin fulawa yake wuni. A can za a shafa man, ba a kantinka ba."

Wasu mata biyu da suka shigo sayen hoda suka fasa, suka tsaya kallo. Kwalba shida ta gwada, babu wadda ta tsallake duka biyun, tuntu ɗaya ya rage mata, burodin ma ya kusa ƙarewa. Ta fara tattara kayanta ke nan mai kanti ya sosa ƙeya ya ce akwai wani a ƙasan teburin, amma shi bai ga abin so a jikinsa ba, ko ƙamshi ba ya yi, shi ya sa babu mai tambayarsa. Ya durƙusa ya zaro wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, duk ta yi ƙura. Ta ɗiga, ta murza. Gashin nan mai tauri ya yi laushi a yatsunta, yatsun kuma ba su yi maiƙo ba. Ta tsoma a fulawa ta hura, fulawa ta tashi ta bar shi fes. Ta kanga guntun burodin, ta shinshina, ta miƙa wa ɗaya daga cikin matan.

"Me kika ji?"

"Burodi," in ji matar.

"Shi ke nan. Naɗe min shi."

Mataji ma sai da aka sha fama. Duk wanda ya miƙo sai ta bi haƙoransa da farcen babban yatsa, in ta ji kaifi ko kaushi ta mayar, don ta san irinsu ke tsinka gashi. Na bakwai ne ya wuce sumul. Ta haɗa da sabulun wanke gemu marar turare, shi ma sai da ta shinshina. Da ta koma shago ta ɗauki ragar da take rufe wa mata kai, ta yanka ta daidai haɓa, ta ɗinka mata roba a gefe biyu yadda za a maƙala a kunne. Ta jera komai a ƙaramin kwali, ta naɗe da farar takarda.

Da la'asar maigidan ya dawo ya tarar da kwalin a kan kujerarsa. Ya buɗe, ya ga kwalba, ya mayar da murfin a hankali.

"Wani man kuma?"

"Na farkon kuskurena ne, ka yafe min. Wannan sai da na je wurin Baba mai aski."

Ya ɗago ya dube ta. "Ke? Kika tsallaka titin nan?"

"Da ƙafata. Har ya yi min dariya na ƙyale shi."

Ya daɗe yana juya matajin a hannu. Sannan ya tashi ya nufi banɗaki da kwalin, ta ji ƙarar famfo.

Ba a rana ɗaya aka ga canji ba. Kwana uku yana susa kamar da, ita kuwa ta kame bakinta, abin da ba ta saba ba. Rana ta huɗu ƙurajen suka fara bushewa. Rana ta shida suna cin abincin dare ta lura ya gama kwanonsa tas hannunsa bai je haɓa ba ko sau ɗaya, ta yi shiru don kar ta tuna masa. Lahadi ta zo, ya tsaya gaban madubi ya fi minti goma, tana tsakar gida tana wankin da bai kai a wanke ba. Ya fito da gemunsa a taje, ya ce, "Bari dai mu ga goben."

Ranar Litinin aiki ya ƙi mata daɗi. Wata malamar makaranta ce a kujera, sau biyu tana ja mata tsaga tana karkacewa, har malamar ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne. Wajen ƙarfe uku inuwa ta tare ƙofar shago. Ta waiga. Shi ne, mutumin da bai taɓa taka shagon nan ba saboda kunyar mata, yana tsaye da farar rigarsa ta aiki, ragar na rataye a kunne ɗaya, gemun nan baƙi wuluk yana nan inda yake.

"Ya aka yi?" in ji ta.

Ya ce manaja ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur, ya sa shi ya taje gemun a kai, sama da ƙasa, ma'aikata na kallo. Aka ɗaga ƙyallen zuwa taga, ko ƙwayar amosani ɗaya babu. Sannan manajan ya gutsuri kwaɓin da maigidan ya yi da safe ya shinshina, ya ce ya koma teburinsa. Har ya ce a samo wa sauran masu gemu biyu irin ragar nan.

Daɗi ya rufe ta, ta zauna a kan bencin masu jira, mataji a hannu. Matan shago suka hau yi mata barka, malamar makaranta tana tafa hannu da rabin kai a tsefe.

Shi kuwa bai tafi ba. Ya gyara tsayuwa, ya dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Manaja ya tambaye ni wane likita na gani. Na ce masa matata ce, kuma ba ta taɓa kasa gyara abu sau biyu ba."