Fata Mai Huji Huɗu

Duk wanda ya ci nama a Garwa cikin shekara hamsin da ɗayan nan, da wuya in wuƙata ba ta ratsa abin da ya tauna ba. Ni ne Baba Tanko. Ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma bijimi ya soke ni a cinya a hanyar Mindif na tashi da ƙafata, kwalara ta kwashe maƙwabtana ta tsallake ni, kasuwa ta ci wuta na sake kafa tebur a kan toka. Shi ya sa a layinmu na mahauta ba a bai wa sabon shiga tebur sai na miƙa masa wuƙa da hannuna.

Sai ga Halliru, ɗan wani abokina da ya rasu, ya zo neman teburin da ke gefen nawa, wanda mai shi ya bari ya koma Yagoua. Halliru fa shekara goma sha biyu ya yi a biro, wato ofis, na wani kamfanin auduga, kujera mai juyawa, sanyin na'ura na hura masa ƙeya. Ya ajiye duka.

Na ce, "Korarka suka yi?"

"A'a, Baba. Ni na rubuta takarda na miƙa musu. Kullum in na hango ƙofar biron nan sai cikina ya murɗa."

"Cikinka ya murɗa. Mu da muke wankin tumbi tun asuba, namu cikin na dutse ne?"

Ya yi dariya. Dariyar nan ita ta fara ɓata mini rai. Wata uku yana koyon aiki wurin Zaharaddin, mahaucin da ke ƙarshen layi, ni kuma ina kallonsa. Jini har gwiwar hannu, ƙuda a hanci, shi kuwa fuska a sake kamar ango. Har Madam Geneviève, da ta shekara ashirin tana sayen nama a wurina, ta koma tsayawa wurinsa suna hira da Faransanci, ni ina riƙe da ƙullinta kamar yaron gida.

Na ce kafin ya karɓi wuƙa sai ya feɗe saniya a gaban kowa, ba tare da ya huda fatar ba. Ni na zaɓi saniyar: tsohuwa, ramammiya. Duk mahauci ya san dabbar da ba ta da kitse fatarta manne take da nama.

Zaharaddin ya matso kusa da kunnena. "Haba Baba, wannan ko kai sai ka yi gumi."

"Ni? Irinta na feɗe ranar da ake sunan ubanka."

Da safe a mayanka mahauta suka kewaye shi. Ya fara daga ƙirji, lafiya lau. Yana isa haƙarƙari wuƙa ta zarce. Huji ɗaya. Kafin ya kai gadon baya sun zama huɗu. Wani ya kwaikwayi "Monsieur" na masu Faransanci ya ce, "Mushe, wannan rariya ce ko fata?" Wuri ya kaure da shewa, ni kuma na gyara tsayuwa ina jiran ya sunkuyar da kai ya koma wurin kujerarsa.

Sai ya ɗaga fatar, ya sa ido a huji ɗaya ya leƙo ni.

"Baba, ta nan ma ina ganinka. Gobe a kawo wata?"

Dariyarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ni ranar da na fara fiɗa, huji ɗaya tak na yi, mahaifina ya zabga mini ƙarfen wasa wuƙa a bayan hannu. Ga tabon nan. A lokacin ba abin da nake so irin in bi manyan motocin da ke tasowa daga Ngawundere, in zama direba. Har na sami mai ɗaukata. Tsoho ya ce ɗan mahauci mahauci ne, na zauna. Na fi kowa iya aikin, wannan ba gardama. Amma a tsaye a wurin nan na lalubi ranar da na taɓa yin dariya irin ta yaron nan da wuƙa a hannuna, ban samo ba.

Zaharaddin ya ce, "Baba, kai ake jira."

Da na hana shi, ba mai cewa uffan, huji huɗu ne a gaban shaidu. Amma na san gobe zai dawo, jibi ma haka, ni kuma ina zaɓo masa tsofaffin shanu har mutane su gane abin da ke cina. Na zaro wuƙa daga kube, tsohuwa, ba sabuwa ba, na miƙa masa.

"Kan fatar wani za ka ƙarasa koyo, ba tawa ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa. "Allah ya ƙara girma, Baba."

Washegari na sa aka juya teburina ya kalli gabas, na ce rana ce ke dukan naman. Yanzu bayana nake ba shi, ba na ganin fuskarsa. Dariyar dai ina jin ta, tun safe har la'asar.