Kofin da Ba Kofi Ba

A ɗakin tsofaffin jaridu na laburare, inda fanka ɗaya ke juyawa kamar ana roƙonta, 'Yar Kyaftin ta shafe sati uku tana bin tarihin wani wasa da ya mutu tun tana goye. Haka kowa ke kiranta, don mahaifinta shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafar garin, kuma ya rasu a hatsarin mota tana da kwana shida a duniya. Yanzu ƙungiyar za ta cika shekara hamsin, ana son ɗan littafin tarihi, sai aka ce wa ya fi ta, tunda ita ko abinci take ci littafi na gefen kwano.

Wasan Zakaru Biyu ake ce masa. Duk shekara kafin a buɗe sabuwar kaka, wanda ya ci gasar lig sai ya kara da wanda ya ci kofin ƙasa, wasa ɗaya tak. Sau goma sha huɗu aka buga, na ƙarshen ƙungiyarsu ce ta ci. Na sha biyar bai zo ba, domin da aka je ɗauko kofin a sito sai aka tarar da wurinsa wayam. Masu lig suka ce masu kofin ƙasa su samo wani, su kuma suka ce ai ba a hannunsu ya ɓata ba. Aka ɗage, aka sake ɗagewa, har maganar ta bi ruwa.

Laifin kuwa kan mutum ɗaya ya faɗa: mai kula da kayan ƙungiya, wanda makullin sito ke hannunsa. Aka kore shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, amma har yau in Baba Makulli, kamar yadda ake kiransa, ya wuce rumfar masu gyaran babur sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, kowa ya riƙe kofinsa da kyau." Wannan tsohon kuma duk Asabar yana gidansu yana shan shayi, don aminin mahaifinta ne. Shi ya sa jimla ɗaya ta gagare ta. Ta rubuta *aka zargi mai kula da kaya*, ta goge. Ta rubuta *aka same shi da laifi*, kamar yadda jaridu suka ce, ta sake gogewa. Ranar Litinin kuma za a kai littafin wurin bugawa.

Da safiyar Asabar iyalan wani mai hoto da ya rasu suka kawo wa laburare kwalin hotunansa. A ciki ta ga mahaifinta, gumi ya jiƙe shi, ya ɗaga hannu biyu sama. Abin da ya ɗaga ba kofi ba ne. Faranti ne, babba, fari, gefensa da zanen ganye, ga wata 'yar lotsawa kusa da babban yatsansa na dama.

Ta san wannan lotsawar. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Lotsawar na nan.

Ko jakarta ba ta ɗauka ba, ta fito da hoton a hannu.

A falon gida ta same su. Baba Makulli na kujerarsa ta kullum, Inna mahaifiyarta na zuba shayi, farantin na kan tebur da ƙyallensa mai ado a shimfiɗe a kai. Farantin Inna ne, wanda ba mai wanke shi sai ita, ba mai taɓa shi sai ita, kuma da an gama yake komawa ɗakinta.

"Ke lafiya?" in ji Inna. "Wani littafin ne ya biyo ki?"

'Yar Kyaftin ta sauke buta da kofuna ɗaya bayan ɗaya, ta yaye ƙyallen, ta kifa farantin. A bayansa akwai ƙananan rubutu layi-layi, kowanne da shekara a gefe. Ta ƙirga da yatsa. Goma sha uku, da fili a ƙasa inda ba a kai ga sassaƙa na sha huɗu ba.

"Inna, a ina kika samu wannan?"

"Ji wata tambaya! Babanki ya kawo mini asibiti ranar da na haife ki. Daga fili ya taho, ko wanka bai yi ba, ya ɗora mini a ƙafa ya ce ga tukuicina. Mayar mini da ƙyallena."

"Inna, shi ne kofin."

"Wane kofi?"

"Kofin da ya ɓata. Wanda aka kori Baba Makulli a kansa."

Inna ta yi dariya, ta dubi Baba Makulli don ya taya ta, ta ga shi ba ya dariya. Ta karɓi hoton da 'yarta ta miƙo, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi.

"Kofi suka ce," in ji ta a hankali. "A rediyo kofi suka ce. Da suka zo nan suna tambaya, kofi suka ce. Ni da kaina na buɗe musu akwatinsa, na zazzage jakarsa. Kofi fa! Mai hannu, wanda ake zuba abu a ciki. Wannan kofi ne? Ku faɗa mini, wannan kofi ne?"

"Haka ake ce wa duk abin da aka ci a ƙwallo, Inna."

"To ni ina na sani? Na taɓa zuwa fili?" Ta nuna farantin. "Da shi na kawo musu ruwa ranar. Da ƙyallen a kai. Suka sha suka yi godiya."

Ta zauna a hannun kujera. Can ta juya. "Kai kuma, Makulli, shekara talatin kana shan shayi a kansa, idonka bai taɓa..."

"Ni na lotsa shi," in ji tsohon. "Ya suɓuce mini a matakalar sito a shekara ta tara ta wasan."

'Yar Kyaftin ta juyo gare shi.

"Ka sani, Baba?"

"Tun ranar zaman makoki. Na ga gefensa."

"Ka yi shiru? Aka kore ka, aka ɓata maka suna, wasan ya mutu..."

"Wasan dama suna neman dalilin kashe shi, ba mai son ya riƙa ɗawainiyarsa." Ya juya kofin shayinsa a tafin hannu. "Da farko na ce bari ta fita takaba. Ta fita, na zo zan yi magana, na tarar tana goge shi tana kuka. Na ce sai wani satin. Ke kuma kika fara rarrafe, kika fara tafiya. Satin bai zo ba." Ya dubi 'Yar Kyaftin. "Ki rubuta yadda jarida ta ce, 'yata. Ni na saba."

"Ka saba!" Inna ta miƙe. "A gidana, a kan teburina, ina zuba maka shayi a kan abin da ake zaginka da shi? Wallahi Makulli, da ba don furfurarka ba da na kwaɗa maka shi a ka."

"Sai ya zama lotsawa biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta shiga ɗaki ta fito da mayafi. Ta ɗauki farantin ta rungume a ƙirji, bayansa mai rubutu yana kallon waje. Ƙyallen ta bar shi a ƙasa inda ya faɗi.

"Ofishin ƙungiya a buɗe yake yau?"

"Har ƙarfe huɗu," in ji 'Yar Kyaftin.

"To tashi, Makulli. Ta gaban masu gyaran babur za mu bi, kuma a hankali zan yi tafiya. Ke kuma ɗauko biro. Ki rubuta matar kyaftin ce, kuma ki rubuta kofi suka ce."