Mainasara Ya Shanye Littafi

Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato, mahaifina Malam Abdulƙadiri ya bi masu hijira gabas, ni ma na bi shi. Kafin mu bar Wurno ya ba ɗan ƙanensa Mainasara ajiyar littafi guda a cikin gafaka, rubutun hannunsa. Labarin Banu Isra'ila ne: yadda Bukhtanasar ya rushe Baitul Muƙaddas ya kora su Babila, yadda suka komo gida suka tarar Attaura ta ɓace, har Allah ya mayar musu da ita ta bakin Uzairu, wanda ya riƙe ta a ka. Malam bai dawo ba. Da zai cika ya ce in na koma gida, in karanta wa waɗanda suka komo littafin nan kafin kowa ya aza tubali.

Sai bayan shekara ashirin da biyu na komo, ta Goronyo, da magidanta tara a bayana. Duk hanya labarin littafin nake ba su, har sun gaji da ji.

Na tarar Mainasara ya yi tumbi. Ya zama malamin hakimi, shi ke tsayawa kusa da Bature in ya zo rangadi. Bayan gaisuwa na tambayi ajiya.

"Littahin Baffa? Ai shina nan," ya bugi cikinsa. "Na shanye shi tas."

Wallahi sai da na yi hawaye. Na ɗauka haddace shi ya yi, yadda mukan ce wane ya shanye karatu. Na ce a raina, ashe mu ma Allah ya ba mu namu Uzairun. Na sayi takarda a kasuwa, na dafa tawada, na feƙe alƙalami. Da hantsi na tara magidantan nan tara a zaurensa, kowa ya naɗe ƙafa.

"Bisimilla, Yaya. Hwaɗi in rubuta."

"In hwaɗi mi?"

"Abin da kah haddace."

"Wa yac ce maka na haddace? Sha niy yi."

Ko kunya bai ji ba, da alfahari ma ya yi bayani. Duk ranar da Bature zai zo, sai ya zare takarda guda ya jiƙa a ƙoƙo, tawadar ta narke, ya ɗaga ya shanye don neman farin jini. Haka ya bi littafin nan takarda bayan takarda, ko layi ɗaya bai karanta ba.

"Kag ga inda albarkatai tak kai ni," ya ce, yana shafa rigarsa.

Shekara bakwai Malam yana rubutun nan har idonsa ya dushe, wannan ƙaton ya ɗura shi a tumbi don Nasara ya yi masa murmushi. Na ƙyamaci rigar, na ƙyamaci tabarmar da nake kai. Magidantan suka sunkuyar da kai, ba wanda ya iya dubana.

"Haba Junaidu, kak ka ɓata rai. Ban manta da kai ba."

Ya shiga gida ya fito da ƙoƙo. Ashe takarda ta ƙarshe ta saura, ya jiƙa ta tun da safe don ya yi mini maraba. Na yi wuf na tsamo ta. Fara fat, ko ɗigo bai saura ba. Rubutun mahaifina duk yana cikin baƙin ruwan nan.

Na ɗaga ƙoƙon zan watsa masa a fuska, sai hannuna ya tsaya. Da sunan Allah a cikin ruwan, ba a zubar da shi ƙasa, balle a kan Mainasara.

Na rufe ido na shanye. Ina jin Mainasara yana cewa, "Madalla, yanzu kai ma ka samu rabonka."