Ƙullutun Maliki

Shekara tara Ya'u mai aski yana yi wa Maliki gyaran fuska a shagonsa na unguwar Zariya, cikin Maraɗi. Duk Juma'a Maliki kan kawo barkono da albasa Maraɗi daga gonarsa ta Jiratawa, in ya sallami kaya sai ya biyo. Akwai wani ƙullutu a ƙarƙashin kunnensa na hagu, bai fi ƙwallon dabino ba. Ba ya ciwo, kuma in Ya'u ya taɓa shi sai ya sulale ƙarƙashin fata, ya ba aska hanya. Har suna yi masa ba'a, wai baƙon da ya ƙi tafiya.

Wata Juma'a da hantsi, Ya'u ya tura ƙullutun da yatsa kamar kullum, abin ya ƙi motsi. Ya yi tauri, ya kama ƙashi. Ya'u ya ci gaba da aikinsa. Maliki ya gaji, barci ya ɗauke shi kan kujera, har da minshari. Da Ya'u ya ɗaga kai ya dubi madubi, sai ya ga idon Maliki na hagu a buɗe, fari fat, hawaye na gangarowa. Na dama kuwa a rufe yake ruf.

Ya ajiye aska. Ya tashe shi, ya ce ya dubi kansa. Maliki ya yi murmushi, rabin bakin ya tafi, rabin ya tsaya.

"Kwana biyar ke nan," in ji shi. "Can gida an ce iska ce ta buge ni a fadama."

Ya'u ya rufe shago, ya tare musu kabu-kabu zuwa asibiti. Bayan awo da hoto, likita ta ce ƙari ne a jakar da ke yin miyau, irin wanda ba a cika gani ba. Yakan kwanta shekaru lafiya lau, wani lokaci kuma ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Nasa ya rikiɗe, ya riƙe jijiyar fuska. Aka tura shi Yamai, aka yi masa aiki.

Sai bayan wata bakwai Ya'u ya sake ganinsa, a Tibiri, gidan ɗiyarsa Safiyatu inda yake jinya. Ya rame, amma ya tashi da ƙafarsa ya tarbe shi. Safiyatu ta kawo musu tuwo da miyar kuka. Maliki ya kai loma biyu, sai Ya'u ya ga kuncinsa ɗaya ya yi ja, ruwa na tsattsafowa ta gefen ɗinkin yana ɗiga kan riga, alhali goshinsa a bushe.

Maliki ya sa gefen rawani ya goge.

"Gumi ne, likitan Yamai ya ce jijiyoyin ne suka ɓata hanya wajen warkewa. Ci abinka, ni na saba."

Ya'u ya mayar da hannu cikin kwano.